Kalmar da Ta Rufe Mana Ƙofar Tasha a Landan

Shekara 19 ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci, in yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ni ma'anar overcrowded, amsa ɗaya nake ba shi: cunkoso. In crowded ya tambaya, cunkoso. In congested ce, ita ma cunkoso. Yara su rubuta a littafi, jarrabawa ta zo su ci, mu wuce gaba. Sai da na yi mako uku a Landan cikin watan Nuwamba na 2023 sannan na gane kalmomi da yawa na daɗe ina ɗurawa a buhu ɗaya, kuma akwai guda a cikinsu mai nauyin da ban taɓa sanin tana da shi ba.

Suna ne ya kai ni. Ɗan ƙanwata yana can yana aikin kula da tsofaffi, matarsa na da tsohon ciki, uwarsa kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai dangi suka ce ni zan wakilce su. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da rana, muka ya da zango a Addis Ababa, muka kwana a sama, gari na wayewa muna filin jirgin Heathrow na Landan. Na tarar da yaron yana jirana da ƙatuwar rigar sanyi a hannu.

"Kawu, sannu da hanya. Fara sa wannan tukuna, gaisuwa ta biyo baya."

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, layin Piccadilly. Daga farko kujeru har da saura, na zauna ina kallon bayan gidajen jan bulo ta taga. Tasha bayan tasha mutane na ƙaruwa, kafin mu nutse ƙarƙashin gari tarago ya cika maƙil. A Holborn muka sauka muka canja zuwa layin Central, wajen ƙarfe takwas da rabi, daidai lokacin da kowa ke sauri zuwa wurin aiki. Jirgi biyu suka wuce mu ba mu samu wurin sa ƙafa ba. A na uku yaron ya tura akwatina, ya jawo ni ciki, ƙofa ta rufe tana gogar bayana.

Na saba da matsi. Wanda ya taɓa ratsa Kantin Kwari ana saura kwana uku Sallah ba zai ce bai san turereniya ba. Abin da ya ba ni mamaki shirun ne. Jakar wani saurayi na danne da ƙirjina, wata mata na karatu a wayarta tazarar taki ɗaya da hancina, numfashin wani na sauka a wuyana, amma ko tari babu mai yi. Da a gida ne da tuni wani ya ce "Malam ɗan gyara," wani ya amsa "a yi haƙuri da juna, tafiyar ba nisa," kafin a kai tasha ta gaba an san garin kowa. A nan kowa ya kafe idonsa a inda ba zai haɗu da na kowa ba. Na sunkuya na raɗa wa yaron, na ce wannan fa shi ne crowded na gaske. Ya girgiza kai.

"Kawu, in ka tambaye su, busy za su ce maka."

Busy kuma? Ni dai abin da na koya wa yara, mutum ne yake zama busy, wanda aiki ya sha masa kai. Ashe a bakin mutanen Landan tasha ma tana zama busy, haka titi, haka shago, haka asibiti. Ita ce kalma mafi laushi, ba ƙorafi a cikinta, kamar dai mu ce kasuwa ta ci. Daga ranar na buɗe kunne. Crowded na fi ganinta a rubuce. Wadda ta fi yawo a baki ita ce packed, wato an shirya mutane kamar kaya a akwati, wani lokaci su ƙarasa da ambaton kifin gwangwani. Samari kan ce rammed, an danna an cusa. Cramped kuwa ba ruwanta da yawan jama'a, ƙuncin wurin take nufi, ko kai kaɗai ne a ciki.

Ɗan ƙanwar tawa da matarsa ɗaki guda suke haya a saman wani tsohon gida a yankin Newham, gabashin Landan, bayan Stratford da 'yar tafiyar bas. Gidan ɗaki biyar ne, kowanne da mai shi, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Ni a ɗakin wani maƙwabcinsu aka sauke ni, ɗan Ghana mai gadin dare: yana fita ƙarfe bakwai na yamma in kwanta, kafin ya dawo da safe na gyara masa gado. Ranar suna kuwa 'yan uwa suka taru, wasu daga Manchester, wasu daga Coventry. Takalma suka cika matakala. Mata a kan gado, maza a tsaye a baranda da kicin, ana miƙa waina da miyar taushe ta saman kawuna. Bayan addu'a na ƙirga mutum 23. Babu wanda ya ce an matse shi. Maijego sai murna take, tana cewa yau dai gida ya cika.

Kwana biyu bayan suna muka shiga tsakiyar gari sayen tsaraba a titin Oxford. Kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, ana yayyafi. Muka nufi tashar Oxford Circus, inda layi uku suke haɗuwa, Central da Victoria da Bakerloo. Muna isa bakin matakala wasu ma'aikata biyu masu riguna ruwan lemo suka jawo ƙyauren ƙarfe suka rufe a gabanmu. Lasifika ta yi ta maimaita cewa an dakatar da shiga due to overcrowding.

Na leƙa ta tsakanin ƙarafunan. Matakalar wayam, ba kowa. Na ce wa yaron, ina cunkoson yake? Ga hanya nan fetal. Ya ce can ƙasa ne, a bakin layin dogo inda ake tsayuwar jiran jirgi. Akwai masu zama a wani ɗaki suna kallon kowane lungu ta kyamara. In suka ga masu jira sun fara kusantar gefen ramin, ba sa jira sai an fara ture-ture, daga sama suke datse shigowa har jirage su kwashe na ciki. Muka tsaya cikin yayyafi tare da ɗaruruwan mutane, wajen minti goma. Wasu suka juya suka nufi wata tashar da ƙafa. Ban ji wanda ya ɗaga murya ga ma'aikatan ba. Da aka buɗe muka sauka a hankali, na ga ƙasan ma a cike yake, amma kana iya juyawa, kana iya ɗaga hannu ka gyara hula.

A tsayuwar nan ta minti goma ne ɗan guntun nan over ya buɗe mini. Crowded labari take bayarwa: ga mutane nan da yawa. Overcrowded hukunci take yankewa: akwai iyaka, wani ya zauna ya auna ta, kuma an ƙetare ta. Ba za ka ce abu ya yi over ba sai akwai layin da aka ja. 'Yan kamashon tashar motarmu sun riga ni fahimtar wannan tun tuni, don sun san bambancin lodi da obalodi. Ƙaramar mota an ƙera ta ne ta ɗauki fasinja huɗu, in aka sa biyu gaba huɗu baya kowa ya san an wuce ƙa'ida, ko da ba wanda zai faɗa. Ni kuma malamin Turanci na yi shekaru ina share wannan layi da kalma ɗaya.

Ba wai Hausa ta gaza ba. Mu ma muna da matakai, har sun fi nasu armashi. Wuri ya cika, ya cika fal, ya cika maƙil, ya yi danƙam, ya cika ya batse, ba masaka tsinke. Muna da dandazo, muna da cincirindo, muna da tururuwa. Sai dai kusan dukkansu ido da jiki ne suke magana, abin da ka gani da abin da haƙarƙarinka ya ji. In kana son ka faɗi abin da overcrowded ke faɗa, sai ka ƙara da cewa ya wuce kima, ko ya fi ƙarfin wurin. Wani abin da ya faranta mini rai, asalin crowd a tsohon Turanci kalma ce mai nufin turawa da dannawa, kamar yadda cunkoso ta fito daga cunkusa. Harsunan biyu daga wuri ɗaya suka faro, daga kafaɗar da ta ji an danne ta.

Congested a kantin magani na haɗu da ita. Sanyi ya sa mini mura, na je neman magani, matar da ke wurin ta taɓa hancinta da ƙirjinta ta tambaye ni ko ina congested. Da fitowarmu yaron ya nuna mini wata alama a bakin titi, jan da'ira da farin harafin C a tsakiya. Ya ce iyakar Congestion Charge ke nan, kuɗin da mai mota ke biya in zai shiga tsakiyar gari da rana. An fara karɓarsa a 2003 zamanin magajin gari Ken Livingstone a kan fam 5, lokacin da na je ya kai fam 15. Hanci da titi kalma ɗaya, domin duka biyun hanya ce da ya kamata abu ya wuce ta cikinta sai ta toshe. Abin da muke kira goslo ke nan. Ɗaki ba ya cika zama congested a bakinsu, sai hanya.

Akwai tashar da muke wucewa kullum a layin Central, Bethnal Green. Wata rana yaron ya ce mu sauka zai nuna mini abu. A gefen ƙofar shiga, bakin wani lambu, an kafa wata matakalar katako a sama, a kife, an sassaƙa sunayen iyalai a jikinta, rufinta kuma da ƙananan huji 173 da haske ke ratsowa. A daren 3 ga Maris 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, tashar ba a gama ta ba, mutane na kwana a ciki don tsoron bama-baman Jamus. Jiniya ta yi kuka, jama'a suka nufo ƙofa, sai aka harba wasu sababbin rokokin kakkaɓo jirage daga Victoria Park da ke kusa, ƙarar da ba su saba ji ba. Ƙofa ɗaya ce, matakala mai hawa 19, ƙwan lantarki guda mai dishi-dishi, ba ƙarfen riƙewa a tsakiya. Wata mata ɗauke da yaro ta faɗi kusa da ƙasa, wasu suka faɗa kanta, na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba suna ta shigowa. Mutum 173 suka rasu, 62 yara ne. Ko bam ɗaya bai faɗo a unguwar ba a daren. Rahoton binciken ma sai a 1945 aka fito da shi.

Na daɗe a tsaye a wurin, don Mina ce ta faɗo mini a rai. Ranar 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Sallah, a hanyar zuwa jifan Shaiɗan, maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa yana cikin alhazan da ba su dawo ba. Mun yi kwanaki muna buga waya kafin a tabbatar mana. Jaridun Turanci da yawa a lokacin stampede suka rubuta, kalmar da asalinta ta garken dabbobi ce in sun firgita sun ruga. A Bethnal Green kuwa crush ake cewa, wato matsewa, kuma ita ce gaskiya. Wanda ke cikin irin wannan hali ba gudu yake ba, ko motsi ba ya iyawa, ƙirjinsa ne ake dannewa har numfashi ya gagara. Stampede tana ɗora laifi a kan mamatan, crush tana mayar da tambaya ga ƙofa da hanya da masu lura da su. Tun daga ranar in zan fassara turmutsutsu sai na tsaya na tambayi kaina wacce ta faru. Da muka koma cikin tashar, na riƙe ƙarfen tsakiyar matakala har ƙasa, ina tuna ma'aikatan nan biyu na Oxford Circus da ƙyaurensu.

Inda kalmar overcrowded ta fi taɓa ni dai a ɗakin yaran nan ne. Gado ɗaya babba, ƙaramar katifar 'yarsu mai shekara shida da ake turawa ƙarƙashin gado da safe, gadon jariri a matse tsakanin bango da durowar kaya, akwatuna a samanta har rufi. Wankin jariri a kan ƙarfen ɗumama ɗaki ake shanya shi, taga kullum tana zufa, kusurwar bango ta yi baƙi saboda danshi. Jariri na da kwana goma sha biyu wata ma'aikaciyar lafiya ta zo duba shi, kamar yadda ake yi wa kowace maijego a can. Mace mai fara'a, ta auna yaro, ta tambayi uwar barcinta da cin abincinta, ta dubi ɗakin, ta tambayi su nawa ne ke kwana a ciki, sannan ta rubuta a takardarta. Maijego ta hango abin da ta rubuta. Bayan fitar matar ta zauna a bakin gado jikinta a sanyaye.

"Kawu, overcrowded ta sa. Kai ne malamin Turanci. Wani abu za a yi mana?"

Na buɗe baki zan ce cunkoso kawai take nufi, sai na yi shiru, don yanzu na san ba haka ba ne. Da mijinta ya dawo aiki muka buɗe dokar a wayarsa. Dokar gidaje ce ta Ingila ta 1985, amma ma'aunin da ke ciki tun 1935 aka gada. Lissafi ne dalla-dalla. Ɗaki ɗaya mutum biyu, ɗaki biyu mutum uku, ɗaki uku mutum biyar. Sannan a dubi faɗi: ɗakin da ya kai murabba'in ƙafa 110 mutum biyu, daga 90 zuwa 110 mutum ɗaya da rabi, daga 70 zuwa 90 mutum ɗaya. Jaririn da bai shekara ba ba a ƙirga shi, yaro daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da goma rabin mutum ne. Maijego ta ɗauko tef ɗinta na ɗinki, na riƙe baki ɗaya, mijin ya ja. Tsawo ƙafa 11, faɗi ƙafa 10 da rabi. Ya haura 110 da kaɗan, wato na mutum biyu ne. Su kuma biyu da rabi ne.

Yarinyar tana zaune a kan katifarta tana jin mu. Ta ce, "Kaka, ni ce rabin?" Na ɗauke ta na ɗora a cinya na ce a'a, lissafin gwamnati ne kawai, ke cikakkiyar mutum ce. Ta ce to in ƙaninta ya shekara za su zama uku. Lissafinta daidai ne.

Ba abin da aka yi musu. Matar ta rubuta ne don a san halin da jaririn ke kwana, ta kuma dawo da shawarwari kan danshi da shimfiɗar yaro. Sai dai kalmar da ke iya taimakon wani ya matsa gaba a layin neman gidan ƙaramar hukuma, shi ba ta buɗe masa komai, domin bizarsa ta aiki ta hana shi tallafin gwamnati, gidajen kuma suna ciki. Hanya ɗaya ta rage, ya nemi mai ɗaki biyu a kasuwa, alhali wannan gudan ma yana cin kusan rabin albashinsa, ga na gida suna jiran aike kowane wata. Ba shi kaɗai ba ne. A ƙidayar 2021, da wani ma'auni na yawan ɗakunan kwana, Newham ce ta fi ko'ina a Ingila wannan matsala, wajen gida ɗaya cikin biyar. Mutumin da ke yini yana juya tsofaffi a gado, yana yi musu wanka, ya dawo ba shi da inda zai miƙe ƙafa ya yi sallar nafila sai ya ɗaga katifar 'yarsa. Wannan ya tsaya mini a rai har yau, kuma da na dawo na gaya wa dangi a rage yawan bugun waya ana neman aike.

Daren da zan taho na tuna wa maijego cewa ranar suna mu 23 ne a gidan nan, ba ta ce an matse ta ba. Ta ce, "Kawu, ai wannan cika ce. Baƙi in sun ci sun sha tafiya suke. Wannan kuwa da shi muke kwana, da shi muke tashi."

Na koma aji a farkon Disamba, hazo ya sauko. Na rubuta crowded a allo, na rubuta overcrowded a ƙarƙashinta, na tambayi ma'anarsu. Aji ya amsa baki ɗaya, cunkoso, kamar yadda na koya musu. Na ce to yau lissafi za mu yi. Na ba mutum biyu tef ɗin da na aro wurin telan unguwarmu, suka auna ajin, mita takwas da mita bakwai. Wata ta ƙirga bencina, 18, kowanne an yi shi don mutum uku. Sannan suka ƙirga kansu ɗaya bayan ɗaya, har da na zaune a ƙasa gaban allo da biyun da ke kan taga: 94. Na gaya musu tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare, a Ingila kuma doka ta hana ajin ƙananan yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai ya wuce 30. Na ce kowa ya rubuta jimla biyu, ɗaya da kowace kalma, a kan ajin nan namu.

Wata yarinya daga cikin na ƙasa, littafinta a kan gwiwa, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an ce wuri overcrowded ne, wa ake gaya wa?" Na ce wanda ke da mabuɗin wurin. Bayan an tashi na kwafe alƙaluman nan huɗu a farar takarda, faɗin aji da bencina da yawan yara da abin da tsari ya ce, na sa hannu da kwanan wata, na ajiye kwafi ɗaya a cikin rajista, ɗayan na kai taron iyaye da malamai na ƙarshen zango.